Ranar Da Aboki Ya Dawo Neman Libarbar Mahaifinsa

A Amurka, inda ƙiyasi ya nuna bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanen ƙasar yawa, akwai wani ciniki da ya saba aukuwa tsakanin aminai. Mutum ya gaji libarbar mahaifinsa, ƙaramar bindigar nan mai juyi da ke ɗaukar harsashi shida. Sau da yawa za ka tarar ƙirar Smith & Wesson ce da aka fi sani da Model 10, wadda aka fara ƙerawa a 1899, 'yan sandan ƙasar kuma suka daɗe suna ratayawa a ƙugu. Sai rana ta ɓaci masa, ko aiki ya ƙare ko kuɗin asibiti ya taso, ya ɗauke ta ya sayar wa amininsa, don ba ya son ta faɗa hannun wanda bai san mai ita ba. Bayan shekaru masu yawa, da hali ya samu, sai ya dawo yana neman a sayar masa da abarsa.

Ra'ayina shi ne a mayar masa, kuma kada a ci riba a kansa. Amma kafin a miƙa, akwai abin da ya wajaba mai riƙe da ita ya duba, kuma wannan ya fi batun kuɗin nauyi.

Mu fara da haƙƙi. Da ajiya ya bayar, da babu wata magana. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta umarci a mayar da amana ga masu ita, kuma lokacin hijira a shekarar 622 Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali a cikin garin ake ƙulla yadda za a kashe shi. To, wannan ba ajiya ba ce. Ciniki ne ya faɗa, an biya, an karɓa. Libarbar ta zama ta aboki halak malak, kuma wanda ya zo nema ya kamata ya shigo da murya ta roƙo. Idan ya zo yana jin ai dole a ba shi saboda sunan mahaifinsa, ya manta wanda ya rufa masa asiri ranar da ba shi da ko sisi.

Sai dai malaman fiƙihu sun san mai sayarwa kan yi nadama, shi ya sa suka yi babi a kan iƙala, wato a warware ciniki da yardar ɓangarorin biyu, kaya su koma, kuɗi su koma yadda suke. Hadisi ya yabi wanda ya yi wa ɗan'uwansa wannan sassauci. Ba a tilasta wa kowa ba, kuma a ganina nan darajarsa take.

Abin da ba na so shi ne a tsauwala farashi. An ƙera irin wannan libarba fiye da miliyan shida, saboda haka ba wata aba ce mai wuyar samu ba. Mai nema zai iya shiga kanti ya sayi irinta gobe. Wadda ba zai samu a kanti ba ita ce wadda tafin hannun mahaifinsa ya goge wa ƙota, kuma mutum ɗaya ne a duniya ke da ita. Idan aboki ya ninka kuɗi saboda ya san haka, to kewar uba ya sa wa farashi, kuma a kan wanda ya yarda da shi. Daidai ne a lissafa gyaran da aka yi mata, a kuma tuna cewa dalar wancan lokaci ta fi ta yau ƙarfi. Mai nema ne ya kamata ya riga kawo wannan lissafi da bakinsa, kada ya bari amininsa ya ji nauyin faɗa.

Da agogo ne ko zobe, da zancen ya ƙare a nan. Amma makami ne. Kusan shekara 2,400 da suka wuce, masanin falsafa Aflatun ya kawo wannan matsala a farkon littafinsa na Jamhuriya. Wani dattijo ya nuna cewa adalci shi ne faɗar gaskiya da mayar wa kowa abinsa, sai Sukurat, wanda ke muhawara da shi a littafin, ya kawo masa misalin wanda ya ba abokinsa ajiyar makamai yana cikin hayyacinsa, ya dawo karɓa bayan hankalinsa ya gushe. Dattijon da kansa ya yarda cewa mayarwa a wannan hali ba daidai ba ne.

Wannan misali bai tsufa ba. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC a Amurka sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta yi ajalinsu a ƙasar a 2021, kuma 26,328 daga cikinsu kansu suka kashe. Fiye da rabi ke nan. Wanda ya sha guba sau da yawa akan ceto shi, ya rayu, ya gode wa Allah da bai mutu ba. Wanda ya juya bindiga ga kansa da wuya ya samu wannan dama. Shi ya sa likitoci a can suke ba da shawarar cewa mai cikin matsananciyar damuwa ya fitar da bindiga daga gidansa, ya ba wani amintacce ya riƙe har ƙuncin ya wuce.

Saboda haka aminin da aka zo wa ya tambayi kansa, me ya sa yanzu? Idan mutumin ya zo da fara'a, yana zancen jikansa da yake son ya nuna wa kayan kakanni, madalla. Idan kuwa matarsa ta rasu kwanan nan, ko aure ya mutu da rigima, ko ya koma shaye-shaye, ko ya fara raba kayansa yana magana kamar mai sallama, to a zauna da shi. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ko wani, ko da tambayar za ta yi nauyi a baki.

Na san za a ce, wa ya naɗa aboki alƙali a kan baligi mai hankali? Maganar tana da ƙarfi, domin mai son ya ci gaba da riƙe kaya ba ya rasa hujja. Amsata ita ce, wanda ya hana saboda tausayi ana gane shi. Zai faɗi dalilinsa a fili, ba zai ce ta ɓace ko ya riga ya sayar ba. Zai yarda a kai ta wajen dillali mai lasisi ko wani na uku a kulle, don a san ba don kansa ya riƙe ba. Zai raka mutumin wajen likita, ya kuma yi alƙawarin cewa tana nan tana jiransa. Mai kwaɗayi ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Doka ma tana da nata. A Amurka, tun dokar bindigogi ta 1968, idan abokan biyu ba a jiha ɗaya suke zaune ba, dole cinikin ya bi ta hannun dillali mai lasisi, jihohi irin su Kalifoniya kuma sun wajabta hakan ko da maƙwabta ne. Mai karatu a Najeriya ya lura cewa dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin jerin haramtattun bindigogi, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake mallaka. Wanda ya tarar da irin wannan a cikin gado, ya nemi shawarar lauya kafin ta sauya hannu, ko zuwa ga amini ko daga wajensa.