Waɗanda ba su zo asibiti ba fa?

Jama'a, duk rahoton da ya ce gwajin ciwon sanyi, tunjere da kansar bakin mahaifa na tafiya daidai tsakanin masu ɗauke da HIV, tambayata ɗaya ce: su wa aka ƙirga? Yawanci masu zuwa karɓar magani kan lokaci ne, masu kuɗin mota. Mai sayen gero a Dawanau ba ya yarda da saman buhu. Matar da kunya ko nisa ya tsare a ƙauye ba ta cikin lissafin, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin wannan kansar ya ninka sau 6 ga mace mai HIV. A bi ta har gida a gwada ta, sannan a kawo mana alƙaluma.