Wuta, Yumɓu Da Ruwan Randa

A Jikwoyi da ke gefen Abuja, in bazara ta tsananta kuma aka ɗauke lantarki, mai randa shi ke shan ruwan sanyi. Sanyin nan kuwa tun wurin gashi maginiya ke shirya shi.

Yumɓu dai ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, haɗin alminiyam da silikon da iskar oksijin, da ruwa ɗaure a jikinsu. Jan da randa ke yi kuma daga ƙarfen da ke cikin ƙasar yake, wato dangin tsatsa. Idan wuta ta kai digiri 500 zuwa 600, sai ruwan nan na ɗaure ya fita, yumɓu ya daina komawa laka. Tukunyar da ba ta sami wannan zafi ba, ruwa ne ajalinta.

Gashin da matan Gbagyi ke yi a fili, da itace da ciyawa, bai cika wuce digiri 900 ba, don haka yakan bar ƙofofi da ido ba ya gani. Da yake fuskar gasasshen yumɓu tana kama ruwa, sai ya riƙa tsattsafowa ta ƙofofin, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin cikin randa. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi tsakani, don adana kayan lambu, har ya ci kyautar Rolex a 2000.

Amma fa in wuta ta yi yawa, sai labari ya sake. A makarantar gina tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, murhu yakan wuce digiri 1,200. A nan ƙofofin ke toshewa, fuskar ta zama kamar gilashi. Tukwanen sun yi suna har Landan, sai dai ba sa sanyaya ruwa.

Saboda haka mai sayen randa ya ƙwanƙwasa ta, in ta yi amo garau ta gasu. Kada a shafa mata fenti ko siminti, a ajiye ta inuwa mai iska. A kuma tuna, randa sanyaya ruwa take yi, ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa sai an tafasa kafin a zuba.