Fasahar 5G Da Ke Cikin Wayarka Da Ta Faɗi Jarrabawar Ma'aunin Tasiri

A shekarar 1962 wani matashin injiniya a jami'ar MIT ta Amurka, Robert Gallager, ya wallafa maƙala kan wata dabarar gyara kurakuran da ke shiga saƙo yayin da yake tafiya ta iska ko ta waya. Ana kiran dabarar LDPC. Kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfin ɗaukar lissafin da take buƙata, sai aka ajiye ta, ta yi ta shan ƙura fiye da shekara 30, har sai da David MacKay da Radford Neal suka sake tono ta a tsakiyar shekarun 1990. Yau ita ce ke rako data a layin 5G, tana cikin Wi-Fi, tana kuma cikin tsarin DVB-S2 da tauraron ɗan'adam ke aiko hoton talabijin da shi. Duk wanda ya sauke bidiyo a 5G ya ci gajiyar Gallager ko bai taɓa jin sunansa ba.

Da a ce an auna wannan aiki da ma'aunin da jami'o'i ke rantsuwa da shi a yau, da bai kai labari ba.

Sunan ma'aunin Impact Factor, wato ma'aunin tasiri. Eugene Garfield ne ya kawo tunanin tun 1955, aka fara fitar da rahotonsa na shekara-shekara a 1975, yanzu kuma kamfanin Clarivate ke fitar da shi duk watan Yuni. Lissafin ba shi da wuya. Don samun lambar mujalla ta 2024, ana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalolinta na 2022 da 2023 a cikin shekarar 2024, sai a raba da yawan maƙalolin da ta buga a waɗannan shekaru biyu. Misali, mujallar da ta buga maƙala 200 aka ambace su sau 1,000, lambarta 5 ke nan. Elsevier na da nata mai suna CiteScore, wanda ya fito a 2016 kuma yake duba shekara huɗu. Akwai kuma SJR na ƙungiyar SCImago da ke Sifaniya, wanda ke ba ambaton da ya fito daga babbar mujalla nauyi fiye da na ƙarama. Daga irin waɗannan lambobi ne ake jera mujallun kowane fanni aji huɗu, daga Q1 zuwa Q4, kuma a kan wannan jeri ne ake yanke wa mutane hukuncin ƙarin girma, da tallafin bincike, da gurbin karatun digiri na uku.

Matsala ta farko ita ce ta lokaci, kuma injiniyanci ta fi bugu. Shekara biyu na iya isa a fannin da ake buga sakamako yau a ɗora a kansa gobe, kamar wasu sassan binciken ƙwayoyin halitta. Amma dabarar gina gada, ko ta rage asarar wuta a layin lantarki, ko lissafi irin na Gallager, sai an jira kayan aiki su kamo ta. Sannan mafi girman tasirin injiniya ba ya bayyana a matsayin ambato ko kaɗan. Yana shiga cikin ƙa'idar da kamfanoni suka amince da ita, ko takardar mallakar ƙirƙira, ko guntun siliken da ke cikin waya. Kamfanin da ya kwafi dabara ya sa a cikin wayoyi miliyoyi ba ya rubuta maƙala ya ce na gode. A fannin kwamfuta kuwa, yawancin manyan sakamako a taruka ake gabatar da su, irin su CVPR da NeurIPS, kafin ma su kai ga mujalla.

Ta biyu, lambar matsakaici ce, matsakaici kuma maƙaryaci ne idan abu ɗaya ya yi wa saura zarra. Mai shafin TikTok da bidiyonsa ɗaya ya tashi ya samu kallo miliyan, sauran tara kowanne bai wuce ɗari biyu ba, a takarda matsakaicinsa ya haura dubu ɗari, alhali kowa ya san ba haka shafin yake ba. Wannan ya faru ƙarara da mujallar Acta Crystallographica Section A. Lambarta ta 2008 kimanin 2 ce. Ta 2009 ta yi tsalle zuwa kusan 50, ta wuce Nature da Science, saboda maƙala ɗaya tak ta George Sheldrick kan manhajar SHELX, wadda duk mai amfani da manhajar ke ambata. Sauran maƙalolin mujallar ba su ƙara ko ƙwayar zarra ta inganci ba. Da wa'adin shekara biyun ya cika, lambar ta sauko inda take.

Sai kuma maguɗi, wanda duk mai wayar hannu ya san ƙaninsa. Yadda ake sayen mabiyan bogi a Instagram, haka ake noman ambato. Edita ya matsa wa marubuci ya ambaci maƙalolin mujallarsa kafin a karɓi aikinsa, ko mujallu biyu su ƙulla adashi, wannan ta ambaci waccan, waccan ta rama. Clarivate da kanta takan hana wasu mujallu lamba a kowace shekara saboda irin wannan. A 2010 masanin kwamfuta Cyril Labbé na Grenoble a Faransa ya ƙirƙiri wani malami da babu shi, Ike Antkare, ya sa manhajar SCIgen ta zubo masa maƙaloli kusan 100 na shirme masu ambaton juna. Google Scholar ya haɗiye su, malamin bogi ya wuce Albert Einstein a jeri. A 2014 kuma IEEE da Springer suka janye fiye da maƙaloli 120 na taruka bayan Labbé ya nuna cewa manhajar ce ta rubuta su. Wannan fa tun kafin ChatGPT ke nan.

Na baya-bayan nan ya fi muni. A watan Maris na 2023 Clarivate ta cire mujallu 19 na kamfanin Hindawi daga jerinta, ciki har da Mathematical Problems in Engineering da Wireless Communications and Mobile Computing. A cikin wannan shekara aka janye maƙaloli fiye da 8,000 na kamfanin, daga baya Wiley, wanda ya saye shi a 2021, ya yi ritayar sunan baki ɗaya. Kafin ranar da aka cire su, waɗannan mujallu suna da lamba, suna da aji, kuma mutanen kirki sun biya kuɗin bugawa da dala suna ganin sun tsira.

Abin dariyar shi ne injiniyoyin manhaja sun riga sun sha wannan darasi. Larry Page da Sergey Brin daga tsarin ƙirga ambato suka aro tunanin PageRank a 1998, inda mahaɗin da ke nuni zuwa shafi ya zama kamar ambato. Nan da nan mutane suka fara gina shafukan banza masu nuni ga juna, dole Google ya ƙara ɗimbin alamomi, yana kuma sauya su a kai a kai. Kamfanin da ke neman riba bai yarda da lamba ɗaya ba wajen jera shafin girke-girke, amma kwamitin jami'a ya yarda da ita wajen yanke makomar malami.

Masu kare ma'aunin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Garfield don ɗakunan karatu ya tsara shi, su san mujallar da za su saya da ɗan kuɗin da ke hannunsu, a nan kuwa yana aiki. A wuraren da ƙarin girma ke iya komawa batun wa ka sani, lambar da ta fito daga waje garkuwa ce ga wanda ba shi da uban gida. Shi ya sa jami'o'i da dama a Najeriya ke neman malami ya buga a mujallun da ke cikin Scopus ko Web of Science, kuma hakan ya fi a bar ƙofa buɗe ga mujallun da ke karɓar maƙala ranar Litinin su buga ranar Alhamis. Sai dai tantance cewa mujalla ta gaskiya ce daban, auna mutum da lambarta daban. IEEE da kanta, wadda mujallunta ke cin moriyar manyan lambobi, ta fitar da sanarwa a 2013 cewa kada a yi amfani da ma'aunin mujalla wajen auna maƙala ɗaya ko mutum ɗaya. Sanarwar DORA ta San Francisco, wadda aka tsara a ƙarshen 2012, ita ma abin da ta nema ke nan. Kwamitin da ke son adalci zai iya cewa ɗan takara ya kawo ayyukansa uku mafiya kyau a karanta, a duba ko ya saki lambobin manhajarsa da bayanansa, ko wani ya gwada ya samu sakamako iri ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ake gudunsa.

Ga ɗalibin da ke shirin buga maƙalarsa ta farko, wayar da ke hannunsa ta isa bincike. Jerin Master Journal List na Clarivate kyauta ne, haka jerin mujallun Scopus da shafin SCImago. A nemi mujalla da lambar ISSN ɗinta, domin 'yan damfara na kwaikwayon suna har da fasalin shafi. Scopus na nuna mujallun da ta daina ɗauka da shekarar da ta daina. Idan kuma mujalla ta manna wata lambar tasiri a goshinta wadda ba daga Clarivate ta fito ba, akwai shafukan da ke sayar da irin waɗannan lambobi ga duk wanda ya biya.