Gyaran Makarantu a Lokacin Matsi: Wa Zai Yi Yaɓen Baɗi?

Duk wanda ya zagaya makarantun firamare na ƙasar Zazzau bayan ruwan farko ya san abin da muke nufi. Iska ta yaye kwano, silin ya rufto, yara suna zaune a ƙasa, a bakin ƙofar makarantar kuma ga magina da kafintoci suna zaman jiran aikin da ba ya zuwa. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 rayuwa ta ƙara tsanani, amma kuma kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce: ko za a iya haɗa waɗannan matsaloli biyu, wato rusassun azuzuwa da hannuwan da ba su da aiki, ɗaya ta zama maganin ɗaya? Sau biyu ƙasarmu ta gwada wani abu mai kama da haka, kuma ya kamata mu waiwaya kafin a sake zuba kuɗi.

Gwaji na farko: PTF

A 1976 aka soma shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka gina azuzuwa cikin gaggawa a ko'ina. Ba a daɗe ba farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sai kuma ga shirin SAP na Janar Babangida a 1986. Darajar naira ta zube, albashin malami ya kasa kai shi ƙarshen wata, gyaran gini kuwa aka manta da shi sam.

A watan Oktoba 1994 gwamnatin Janar Abacha ta ɗaga farashin litar fetur daga naira 3 da kwabo 25 zuwa naira 11. Don ta kwantar wa jama'a da hankali sai ta kafa Asusun Rarar Man Fetur, wanda kowa ya sani da PTF, ta ɗora Janar Muhammadu Buhari a kansa a 1995. Aikin asusun shi ne gyaran hanyoyi, asibitoci, makarantu da hanyoyin ruwan sha. Mu da muke 'yan firamare a wancan lokaci ba za mu manta da littattafan rubutu masu tambarin PTF ba, da bencina sababbi, da magunguna masu sauƙin kuɗi a asibiti. Gaskiya ɗaya ce, an yi aiki, ido kuma ya gani.

To, amma yaya aka yi aikin? Daga sama aka tsara shi, kamfanonin ƙwararru suka zana, 'yan kwangila suka aiwatar. Hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da iyayen yara 'yan kallo ne kawai. A wata makaranta da muka sani, ɗan kwangila ya zo da leburorinsa daga wani gari, suka buga kwano, suka shafa fenti, suka kafa allon sanarwa, suka tafi. Maginan unguwar ko bulo ɗaya ba su ɗora ba. Da Shugaba Obasanjo ya rushe asusun a 1999, ya naɗa kwamitin riƙo a ƙarƙashin Dokta Haroun Adamu, sai aka shiga ce-ce-ku-ce a kan kuɗin da aka kashe. Babu wanda ya tsaya ya tambayi wa zai canza kwanon da ya soma yoyo. Bayan 'yan shekaru azuzuwa da yawa suka koma gidan jiya.

Gwaji na biyu: dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma

Bayan tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe a 2016, ya sake durƙushewa a 2020 saboda annobar korona, gwamnatin Buhari ta fito da shirin ayyuka na musamman ta hannun Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE. An ce za a ɗauki mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a biya kowa naira 20,000 a wata har wata uku. An ware naira biliyan 52. Tun kafin a soma, ƙaramin ministan ƙwadago Festus Keyamo da 'yan majalisar tarayya suka yi ta sa-in-sa a kan wa zai zaɓi mutanen. A watan Janairu 2021 aka ƙaddamar da shirin, aikin kuwa yawancinsa share kasuwa ne da yashe kwata.

Ba mu raina naira dubu sittin a gidan da babu tukunya a kan murhu ba. Sai dai mu yi lissafi. Mutum dubu a Zariya, dubu a Sabon Gari, kowannensu wata uku. Da an haɗa su da magina, an ba su siminti da katako, azuzuwa nawa za su rufe? Kwatar da aka yashe ta sake cika a daminar da ta biyo baya. Ashe PTF ya yi gini bai ba mutanen wurin aiki ba, wannan kuma ya ba da aiki bai bar gini ba. Kowanne ya riƙe rabin maganin.

Yadda Amurka ta haɗa su

Wata ƙasa ta taɓa haɗa rabin biyu. Bayan kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a 1929, ya zamana a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da abin yi. Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar samari ta CCC a wannan shekara. Ana biyan saurayi dala 30 a wata, tilas ya aika da dala 25 gida wa iyayensa. Samari kimanin miliyan 3 suka bi ta cikinta, suka dasa itatuwa wajen biliyan 3, suka gyara gandun daji da wuraren shaƙatawa. A 1935 aka ƙara da hukumar WPA, wadda kafin a rufe ta a 1943 ta ɗauki mutum fiye da miliyan 8, suka gina ko suka gyara dubban makarantu, filayen wasa, hanyoyi da gadoji. Har yau ana karatu a wasu daga cikin makarantun nan.

Abin lura shi ne tsarin. Gari ko gunduma ne ke kawo aikin da yake so, ya kuma sa nasa kason na fili da kayan aiki. Gwamnatin tarayya ta biya lada, ma'aikatan kuwa marasa aikin yi ne na yankin. Ko can ma an yi ƙorafin ɓarna da siyasa, baƙaƙen fata kuma sun sha wariya a wurare da dama, rashin aiki bai kau gaba ɗaya ba sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Duk da haka, tun da garin ya roƙi ginin, ya sa kuɗinsa, 'ya'yansa suka ɗora tubalin, bai bar shi ya rushe ba.

Darasin da ke ƙofar gidanmu

Mu a Wusasa ba sai mun haye teku za mu ga wannan ba. A wajajen 1929 ɗin nan da duniya ta shiga matsi, mishan ta CMS, wadda Dokta Walter Miller ya kafa a cikin birnin Zariya, ta ƙaura zuwa nan gindin Kufena. Da ƙasa da azara maginan Hausa suka gina tsohuwar majami'ar St Bartholomew, tana nan tsaye har yau. Kowane Bazazzage ya san ginin ƙasa ba ya yafe sakaci: in ba a yi yaɓe da rani ba, aka bar indararo ya toshe, damina biyu ta isa ta kayar da soro. Abin da ya tsare shi shi ne akwai masu shi. Makarantar da ke gefenta, inda Janar Yakubu Gowon ya yi firamare, ita ma haka aka riƙe ta shekara da shekaru. Da gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970, St Paul's ta zama Kwalejin Kufena, ƙofa ta buɗe wa yara masu yawa, wannan alheri ne. Amma a makarantu da dama al'adar nan ta "namu ne" ta yi rauni, aka koma cewa kayan gwamnati ne, kowa ya naɗe hannu.

Abin da muke roƙo

Kuɗin gyara ba sabon asusu yake bukata ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin farko, sai dai jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓa, kuma sau da yawa an ji hukumar UBEC tana kukan biliyoyin da jihohi suka bari a kwance. Muna roƙon gwamnatin Jihar Kaduna da ƙananan hukumominmu abu huɗu.

Na ɗaya, ƙananan gyare-gyare irin su kwano, ƙofa, taga, benci da masai, a miƙa kuɗinsu ga kwamitocin kula da makarantu na al'umma, su ɗauki magina da kafintocin unguwa, kowane gwani da samari biyu ko uku masu koyo. Na biyu, a liƙa lissafin aikin a bangon makaranta da Hausa, kowa ya karanta nawa aka karɓa, nawa aka kashe. Na uku, duk aikin da aka gama a ware masa ɗan kason gyara na kowace shekara. Na huɗu, kada a manta da filin wasa. Filayen makarantu su ne kaɗai wurin shan iskar yaran talakawa, ga shi ana ta yanka su ana kafa shaguna. A kewaye su, a dasa darbejiya da mangwaro, a biya masu ban ruwa har itatuwan su kama.

Mu ma iyaye da shugabannin unguwa, Kirista da Musulmi, akwai namu. Aji ɗaya 'ya'yanmu suke zama, ruwa ɗaya ke dukansu. Kakanninmu da aikin gayya suka riƙe ganuwar Zazzau. Idan gwamnati ta kawo kwano, kada mu jira ta dawo da ƙusa. Kafin daminar baɗi, bari kowace unguwa ta je ta dubi rufin makarantarta, ta rubuta abin da ya lalace, ta kai wa kansila da hannunta. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, mu kuma ya ba mu himma.