Gwajin Magani Kan Yara: Kada Mu Manta Da Darasin Kano

Jama'a, da zarar hunturu ya ja jiki, bazara ta kawo kai, sai hankalin iyaye ya tashi saboda sanƙarau. Mu a nan Minna ba mu manta da shekara ta 2017 ba, lokacin da cutar ta auka wa Jihar Neja tare da Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi. Shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna yadda ake gwada sababbin magunguna a jikin yara.

A shekara ta 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau wadda ta hallaka mutane fiye da 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin IDH na Kano. Yara wajen 200 aka ɗiba, rabi aka ba su Trovan, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka kurmance, waɗansu suka shanye. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin kuwa ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75.

To, amma asarar ba ta tsaya nan ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan al'amari yana cikin dalilan da suka sa aka ƙi allurar shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa, ba mu rabu da ita ba sai 2020.

Shin sai mu rufe ƙofa ke nan? A ganina, a'a. Jikin yaro dabam yake da na babba, in ba a gwada ba likita ba zai san awon da zai ba shi ba sai kintace. Allurar MenAfriVac, wadda aka soma yi a Nijeriya a 2011, ta kusa kawar da wani nau'in sanƙarau, alhali kuwa an gwada ta a jikin yaran Mali da Gambiya, da sanin iyayensu.

Saboda haka abin da muke nema shi ne a bi ƙa'ida. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sami amincewar kwamitin ɗa'a kafin a taɓa kowa. Lalle ne a yi wa iyaye bayani da Hausa ko Nufanci ko Gwari, watau harshen da suke ji. Wanda ya ƙi, a yi wa ɗansa magani yadda aka saba. Yaron da ya yi wayo a nemi yardarsa shi ma. In an sami lahani a biya diyya ba tare da jeka-ka-dawo ba.

Ku kuma iyaye, kada ku dangwala yatsa a takardar da ba ku fahimta ba. Ku tambayi sunan maganin, da wanda ya kawo shi, da wanda zai ɗauki nauyi in abu ya ɓaci. Haƙƙinku ne.

Allah Ya raya mana zuriya, amin.