Mai Kuɗi Na Da Suna, Mai Hannu Ba Shi Da Shi?

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu ta mutanen zango da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya zaga Nima da Maamobi zai ga masallatai da makarantun Islamiyya da allo a jikin bango: Alhaji wane ne ya gina, Allah ya saka masa. Madalla. To wa ya ɗora bulo? Wa ya hau tsani rana na dukansa ya zana ayar da ke saman ƙofa, ba harafin da ya karkace? Ka tambaya, sai a ce maka "wani mai fenti ne". Haka rubutun bayan tro-tro da ke cika tashar Circle, haka allunan shaguna.

Na ɗauko wannan magana ne saboda wasu duwatsu da ke can arewacin Turai. A ƙasashen Suwidin da Denmak da Norwe akwai duwatsu kusan 3,000 da aka sassaƙa wa rubutu da tsofaffin haruffansu, akasari a ƙarni na 11, don tunawa da mamata. Tsarinsu kusan ɗaya ne: wane ya kafa dutsen nan saboda mahaifinsa, ko ɗansa da ya mutu a tafiya. Amma a ƙarshen wasunsu sai masassaƙin ya ƙara da cewa shi wane ne ya yi rubutun. Wani mai suna Öpir, a yankin Uppland, ya sa sunansa a kan duwatsu kusan 50. Akwai Fot, akwai Balle, har da mace, Gunnborga. Shekara kusan dubu ke nan, amma masana na iya bin sawun mutum daga wannan ƙauye zuwa wancan, su gane hannunsa.

Inda kuwa mai mulki ya cinye wurin da sunansa, dubi wahalar da aka sha. Babban dutsen Jelling a Denmak, wanda Sarki Harald ya sa aka kafa wajen shekarar 965, ya ambaci sarki da iyayensa, ya yi shiru a kan wanda ya riƙe kurfi da guduma. Sai a 2023 masu bincike suka auna zurfin sarar da na'ura, suka kwatanta da wani dutse mai sa hannu, suka ce aikin wani Ravnunge-Tue ne. Su suna da na'urar da kuɗin binciken. Mu kuma bangonmu fenti ne, damina uku ta isa ta shafe shi.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa: sa suna riya ce, aikin Allah ba ya son talla. To ina tambaya, riyar a kan mai buroshi kaɗai take sauka? Sunan Alhaji da aka rubuta da ruwan zinari, shi wace fatawa ta wanke shi? In ɓoye suna ne tsoron Allah, a ɓoye na kowa. In kuwa an rubuta na mai bayarwa don a yi masa addu'a, ai mai aikin ma yana da kabarin da zai shiga.

Kuma wannan kunya ba gadonmu ba ce. Malamanmu masu kwafar littafi da hannu sukan rufe aiki da sunansu, su roƙa wa kansu da iyayensu gafara. Da irin waɗannan layuka na ƙarshe ne masu bincike a Jami'ar Legon, waɗanda suka fara tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami a shekarun 1960, suke gane wa ya kwafa wa wane, har da ayyukan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Bakanon da ya rasu a 1934. A Zariya kuwa, masallacin Juma'a da aka gina zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, ba a raba shi da sunan magininsa, Babban Gwani Muhammadu Durugu. Kakanninmu har sarauta suka yi wa magina. Mu ne muka zo muka mai da gwani ɗan aike.

Abin bai tsaya ga girmamawa ba, har aljihu yake taɓawa. Aikin da ba suna ba ya kawo wa mai shi ciniki na gaba. Ka ga rubutu ya burge ka, ba ka san wa za ka nema ba, sai ka gangara Circle a buga maka da kwamfuta a kan leda. Yaron da ke koyon sana'ar yana kallo, gobe sai ya ajiye buroshi ya koma sayar da waya. Masu zanen fastocin fim na Gana sun sa hannu a aikinsu, yau ga shi ana sayensu a Turai da Amurka da sunan kowane mai zane.

Don haka ina kira ga kwamitocin masallatai da sarakunan zango: duk allon da za a ɗaga daga yau, a bar layi ɗaya a ƙasa na magini da marubuci. Ku kuma masu sana'a, ku sa wannan cikin ciniki tun kafin a karɓi kuɗin kafin alƙalami, ko da ƙananan haruffa ne a lungun bango.