Bulon ya cije, laifin wa?

Jama'a masu saurare, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Daga Dogon Dutsi har Kore Mairuwa, in bulon ya karye cikin inji, makanike muke zagi. To wa ya tsaya masa a kai yana "yi maza, fasinja na jira"? Mu ne.

Bulon da tsatsa ta kama, jiƙa shi ake da gazuwal, a ɗan bubbuga, ko ya kwana yana sha. Mu kuwa ina! Sai yaron garaji ya zura bututun ƙarfe a kile, ya danna da ƙarfi, kan bulon ya tsinke. Sai neman mai walda, in ma akwai wuta. Aikin safiya ya koma na kwana biyu, fasinjan tuni sun hau wata mota.